Rab5 ya sauka, Rab7 ya hau

Duk shekara idan muka zo kan jigilar kaya a cikin ƙwayar halitta, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu: "Malam, yaya 'yar jakar nan take sanin inda za ta?" Ina son tambayar, don ni ma ita ta fara jawo ni cikin wannan fanni. Ƙwaya guda tana da ɗakuna da dama, kowanne da tantanin da ya kewaye shi. Akwai ER inda ake harhaɗa furotin, da Golji inda ake gyara shi a ware, da endosom mai karɓar abin da ya shigo daga waje, da laisosom mai narkar da shi. Ƙananan jakunkuna ne ke kai da komowa tsakaninsu, da yawansu faɗinsu bai kai nanomita 100 ba. Ba su da ido, amma kaya na isa inda aka nufa.

Na daɗe ina ba da amsa guda: akwai lamba a jikin kowace jaka. Lambar ita ce furotin ɗin Rab, kuma ɗan Adam yana da fiye da iri 60. Rab1 yana tsakanin ER da Golji, Rab5 a endosom na farko, Rab7 a na ƙarshe, Rab11 a hanyar mayar da kaya bakin ƙwaya. Ba ƙarya na faɗa ba, sai dai yanzu ina ganin rabin magana ce. Tantani ba ya zama wuri ɗaya, kullum ana gutsure shi nan ana liƙa shi can. Da lambar ba ta gogewa, da tuni ta watsu ko'ina, ɗakunan sun zama abu ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina yanzu shi ne yadda ake cire lambar.

Rab da danginsa, irin su Arf da Sar1, ƙanana ne, amino asid wajen 200 kacal. Idan ɗayansu ya riƙe GTP, wani ƙaramin sinadari mai ɗauke da fosfet uku, siffarsa takan canja, wasu furotin su gane shi su manne masa. A kunne yake kenan. Idan ya datse fosfet ɗaya GTP ya koma GDP, ya mutu. Shi da kansa yake datsewar, shi ya sa ake ce musu GTPase. Amma fa a wannan aiki nawa gare su ƙwarai. Haka kuma ba sa sakin GDP da wuri. Lokacin da nake ɗalibi na ɗauki wannan a matsayin rauni, sai daga baya na gane nan dabarar take. Tunda ba ya iya kunna kansa ko kashe kansa a kan kari, dole ya jira wasu. Wasu furotin ne iri biyu: wanda ake kira GEF ne ke fizge masa GDP don GTP ya shiga, wanda ake kira GAP kuma ke hanzarta datsewar sau dubbai. Inda ƙwaya ta ajiye GEF, nan aiki zai fara. Inda ta ajiye GAP, nan zai tsaya. Rab ɗin da ya mutu kuwa, wani furotin mai suna GDI kan zo ya rufe wutsiyarsa ta kitse, ya zare shi daga tantani, ya kai shi inda za a sake kunna shi.

Misalin da na fi ƙauna shi ne Sar1 a bakin ER. Sec12, wanda shi ne GEF ɗinsa, a tantanin ER kaɗai yake zaune. Da ya kunna Sar1, sai Sar1 ya fito da wani ɗan hannu ya cusa cikin tantanin, wurin ya fara lanƙwasa. Daga nan ya kira Sec23 da Sec24, Sec24 ya tattaro kaya, Sec13 da Sec31 su zo su yi wa ƙullutun keji. To ga abin da har yau yake burge ni: Sec23 ɗin da Sar1 ya kira, shi ne GAP ɗinsa, kuma isowar Sec31 tana ƙara masa sauri. Wato Sar1 da bakinsa yake gayyato wanda zai kashe shi, rigar da aka ɗinka wa jakar tana ɗauke da abin da zai warware ta. Dole ne ma ta warware, don jaka mai riga ba ta iya haɗewa da ɗakin da za ta. Waɗannan sunaye na Sec daga yis suka samo asali, daga aikin Randy Schekman da Peter Novick a Berkeley, waɗanda a 1980 suka bayyana ƙwayoyin gado 23 da ake buƙata don fitar da kaya. A 1987 aka gano ɗaya daga ciki, Sec4, ɗan gidan Ras ne, wato babban dangin da su Rab ke ciki. Schekman ya samu kyautar Nobel a 2013 tare da James Rothman da Thomas Südhof.

A 2005 rukunin Marino Zerial a Dresden ta Jamus suka bi endosom ɗaya-ɗaya a ƙwaya mai rai, suka ga Rab5 yana raguwa a jikinsa yayin da Rab7 ke ƙaruwa. Ashe ba kullum kaya ke barin ɗaki zuwa wani ba, wani lokaci ɗakin ne ke canja suna da kayan a ciki. Daga baya aka gano Rab5 yana taimakawa wajen jawo wasu furotin biyu, Mon1 da Ccz1, su kuwa su ne GEF ɗin Rab7, kuma Mon1 yana korar mai kunna Rab5. Ranar da na fara kallon hoton bidiyo na irin wannan gwaji, ɗigo kore yana rikiɗa ja a hankali, na maimaita shi ya fi a ƙirga. Abin da na haddace shekara da shekaru, ran nan na gan shi da idona.

Wannan miƙa ragama ce ƙwayar cutar tarin fuka take ɓatawa. Makrofej, ɗaya daga sojojin garkuwar jiki, yakan haɗiye ta ya kulle a jaka. Bisa tsari, jakar za ta ɗauki Rab5, ta sauya zuwa Rab7, ta haɗe da laisosom, ruwan tsami da enzayim su gama da baƙuwar. Amma jakar da ke ɗauke da ƙwayar tarin fuka takan maƙale a matakin Rab5. Cikin makamanta akwai wani enzayim, SapM, da ke goge wani kitse mai suna PI3P daga tantanin, alhali da shi ake ci gaba. Sai ta zauna ta hayayyafa a cikin wanda aka aiko ya kashe ta. Cutar nan tana kashe fiye da mutum miliyan 1 a duniya kowace shekara, kuma ina jin nauyin hakan duk sanda na zana wannan 'yar jaka a allo.

A bana, da wata ɗaliba ta yi mini tambayar nan, ban fara da jerin lambobi ba. Na zana makrofej da ƙwayar cuta a cikinsa, na rubuta Rab5 a jikin jakar, na ce ta gaya mini abin da zai faru idan rubutun ya ƙi goguwa. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To Malam, wa ke da alhakin goge shi?" Daga nan muka shiga GAP.