Ƙwaƙwalwar ƙarar inji ta yi shiru: kurakuran da na yi a Magazin

Ƙannena masu koyon gyaran wutar mota, musamman ku da kuke fitowa daga Aboabo da Asawase kowace safiya zuwa Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, ina so in ba ku labarin wata mota da ta ci mini kwana huɗu da kuɗin mai ita, alhali aikinta bai wuce na awa biyu ba. Ƙaramar mota ce ƙirar Jamus, an shigo da ita daga Amurka ta tashar Tema. Da na jona mata kwamfuta, sai ta nuna cewa an daina jin ɗuriyar ƙwaƙwalwar da ke kula da ƙarar inji.

Da yawa daga cikinku ba su taɓa jin wannan ƙwaƙwalwa ba. Injinan zamani masu turbo ba su da ruri, shi ya sa wasu kamfanoni ke ƙara musu murya. Volkswagen na ɗaura wani ƙaramin abu mai suna Soundaktor a ƙarƙashin gilashin gaba na Golf GTI, yana jijjiga jikin motar, BMW kuma na fitar da ƙarar ta lasifikokin ciki. Domin ƙarar ta dace da tafiya, dole ƙwaƙwalwar ta riƙa samun labarin juyin inji da taka totur ta layin CAN, wato wayoyi biyun nan da aka murɗa tare, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986.

Kuskurena na farko shi ne, ina ganin lambobin matsala da kwamfutar ta nuna na goge su gaba ɗaya ba tare da na rubuta ko ɗaya ba, don in ga wadda za ta dawo. Da hannuna na share shaidar da za ta nuna mini ko matsalar daɗaɗɗiya ce ko mai zuwa tana tafiya, da kuma ƙarfin batir a lokacin da ta auku. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 idan mota na kashe, wanda ya gaji kuwa yakan faɗi sosai lokacin tayarwa, har ƙwaƙwalwa da dama su rubuta cewa ba su ji juna ba. Ku ɗauki hoton allon da wayarku kafin ku taɓa komai.

Na biyu ya fi muni. Na yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar ta ƙone, na sa mai motar ya biya aka aiko da hom-yus, wato wadda aka taɓa amfani da ita a ƙasar waje, daga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra. Muka jira kwana biyu, na ɗaura, lambar ta dawo nan take. Maigidana, Allah ya ƙara masa lafiya, ya dube ni ya ce: "Wa ya rubuta lambar nan?" Na rasa amsa. Ya ce lambar da ta fara da harafin U ƙara ce da maƙwabci ya kai. Wata ƙwaƙwalwa ce take cewa ta saurara ba ta ji 'yar'uwarta ba, kuma wanda bai amsa sallama ba, ba lallai ne ya mutu ba. Mai yiwuwa an yanke masa wuta ne, ko hanyar gidansa ta toshe. Ko U0100, wadda ke nufin an rasa ƙwaƙwalwar injin kanta, haka ake karanta ta. Idan ƙwaƙwalwa guda ce kawai ta yi shiru sauran suna amsawa, a nemi matsalar a fis ɗinta da wutarta da at ɗinta (wayar da ke mayar da wuta jikin mota) da reshen wayarta. Idan da yawa ne suka yi shiru tare, babban layin ko batir ake tuhuma.

Na uku kuwa kuskure ne na mai ɗan sani. Na san cewa layin CAN yana da rizisto biyu masu om 120 a bakinsa biyu, don haka idan aka cire batir aka auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, om 60 ake sa ran gani. 120 na nufin gefe ɗaya ya yanke, kusan sifiri kuma wayoyin sun haɗe. Na auna a can, na gamsu, na ce layi lafiya lau. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a irin waɗannan motoci akwai getwe, ƙwaƙwalwar da ke tsaye tsakanin soket ɗin da sauran layuka, saboda haka guntun layin kwamfutata kawai na auna. Da na buɗe taswirar wayoyin motar tun farko, da na gani.

A rana ta huɗu muka cire murfin robar da ke ƙarƙashin waifa. Ruɓaɓɓen ganye ya toshe magudanar ruwan wurin, domin mai motar a gindin bishiya yake ajiye ta, ga kuma ruwan Kumasi na watan Yuni. Muka cire soket ɗin ƙwaƙwalwar muka auna a bakinsa: wayoyin CAN sun nuna kusan bolt 2.6 da 2.4, daidai ke nan. Wayar wuta ma ta nuna bolt 12 a mita, amma da maigidana ya ce in jona ƙwan fitila tsakaninta da wayar at, ƙwan ja kawai ya yi. Mita ba ta jan wuta, shi ya sa ko silin waya ɗaya ne ya rage za ta nuna maka 12. Muka bi damin wayoyin muka warware tef ɗin, sai ga wayar at ta yi kore shar, ta zama gari a cikin rigarta.

Wani abu kuma da ya kamata ku duba a motocin da aka shigo da su: wasu masu su a can ba sa son wannan ƙarar, sukan cire soket ɗin da gangan, don haka ku fara tabbatar da cewa a jone yake.

Muka yanke ruɓaɓɓen wurin, muka yi masa solda, muka rufe da robar da ke tsukewa da zafi, muka wanke magudanar, sannan na mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwar. Ta amsa kwamfuta nan take. Na zaga da motar har Tafo na dawo, na sake bincikawa, lambar ba ta dawo ba. Kuɗin hom-yus ɗin na biya mai motar daga aljihuna, na kuma roƙe shi ya riƙa share ganyen wurin kafin kowace damina.