Takardar da na ninke na cusa a aljihu

Jiya ɗan ƙanwata ya je ba da jini a Gusau aka mayar da shi, wai yana da ciwon hanta nau'in B. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ya ce, "Kawu, ai lafiyata ƙalau, jiƙo zan sha." Gabana ya faɗi, don kalaman nan daga bakina suka fara fitowa.

Ranar da aka gaya mini nawa, likita ya ce in kawo 'yan ɗakinmu a gwada su, domin yawanci daga uwa ake ɗauka, ko tun ƙuruciya. Ban kawo kowa ba. Ina neman aure, wa zai ba mai ciwon hanta 'yarsa? Kuma ba inda ke yi mini ciwo. Har yau nakan ce kowa ne a matsayina haka zai yi. Sai in tuna ƙanina.

Shi da rama ya fara, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya yi ɗorawa. Muka ce shawara ce, muka yi ta ɗura masa sassaƙe. Sai da ciki ya cika da ruwa muka kai shi Sakkwato. Likita ya ce ƙwayar cutar ta daɗe tana yi wa hantar tabo har ta taurare, cutar kansa (ciwon daji) ta tsiro a kai, kuma gubar gyada da masara masu funfuna tana ƙara rura ta. Mu kuwa 'yan Ƙaura Namoda, da ƙuli-ƙuli muka tashi. Da tun ƙarin yana ƙarami ne, ana iya yanke shi ko a ƙona. Bai cika wata 3 ba ya rasu, bai kai shekara 40 ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu ido na kan waya, kunne a toshe. Ku je a gwada ku. In an samu, hoton ciki da gwajin jini duk wata 6. In likita ya rubuta tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar cutar, kada a tsallake. Jariri a yi masa allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Kuma kada ka ɓoye. To, ba kowa za ka gaya wa ba, mutane da surutu, amma 'yan ɗakinku da matar da za ka aura dole ne.

Takardar yaron tana hannuna yanzu. Ranar Litinin da kaina zan kai shi, har da uwarsa.