Ashe namiji ne

Talata, da dare.

Har yanzu yatsuna warin sinadari suke yi, wuyana kuma ya sage. Tun ƙarfe 9 na safe nake sunkuye kan kifaye uku da aka kawo mana cikin kwalba daga wani teku mai ɗumi. Irin shimfiɗaɗɗun nan ne masu kwanciya a ƙasan ruwa, idanu biyu duk a gefe guda. Abin da har gobe yake ba ni mamaki: da ido ɗaya a kowane gefe ake ƙyanƙyashe su, sai suna girma ɗayan ya yi ƙaura ta saman kai ya tarar da ɗan'uwansa.

Duka ukun idanunsu a hagu suke, 'yan dangin Bothidae ke nan. Biyu sun yi kama kamar an tsaga kara. Na ukun ne ya tsayar da ni. Tazarar da ke tsakanin idanunsa ta fi tasu nesa ba kusa ba, ga fiffikensa na gefe da dogayen zaruruwa har kusan wutsiya. Gabana ya faɗi. Na ɗauka sabon irin kifi na gano, wallahi har na fara raya sunan da zan raɗa masa.

Na ɗauki allura na shiga ƙirga ƙayoyin fiffiken baya a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Na samu 91. Na sake, 93. Na gaban suna ɓuya kusa da hanci, kana kifta ido lissafi ya ɓace. Sai a karo na uku da na huɗu 93 ta tsaya. Abin haushi, sauran biyun ma kusan haka suke, layin ɓawon gefensu ma bai bambanta ba.

Da Malama ta shigo bayan azahar ban ko gama bayani ba ta ɗaga kifin ta haska cikinsa da fitila.

"Ka duba jinsinsu kuwa?"

Na yi shiru. Biyun mata ne, ƙwansu ya miƙe ta baya, ana ganin inuwarsa. Nawa gwanin namiji ne kawai. A wannan dangi maza sukan fi mata tazarar idanu da tsayin fiffike, kuma na karanta haka, zumuɗi ne ya rufe mini ido. Ta ce wannan tarkon ya kama waɗanda suka fi ni, shi ya sa ake samun iri ɗaya da sunaye biyu a tsofaffin takardu.

Ta ce duk da haka a tura tsokarsu gwajin ƙwayar halitta ta COI, wadda masanin halittu Paul Hebert ya gabatar a 2003 don tantance dabbobi. Nan muka tarar da wata matsalar: wanda ya kamo su ya tsoma su a formalin, sinadarin hana ruɓewa, kafin ya yanki tsoka, shi kuwa formalin lalata DNA yake yi.

Saura hoton ƙashi. An ba ni ƙarfe 10 gobe, zan ƙirga gaɓoɓin bayansu ɗaya bayan ɗaya. Sunan nan dai na rubuta shi a bangon littafina, ban goge ba.