Aikin da bango ke rufewa

Na haura shekara arba'in kafin na fara riƙe filaya da niyyar ci da ita. Kafin nan malamin lissafi ne ni a wata makarantar kuɗi a Kano, kuma ina son aikin. Abin da ya raba ni da shi sananne ne ga duk mai iyali: bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka wuce albashi nesa ba kusa ba. A daidai lokacin kuma mutane suka fara gudun janareta suna komawa sola, sai na ga masu aikin wuta a unguwarmu ba sa zama. Na je wurin wani mai wayarin da na girme shi da shekaru masu yawa, na ce ya karɓe ni a matsayin yaron shago.

Ya jima yana kallona kafin ya ce, "Malam, ni zan iya aiken ka ka ɗauko tsani kuwa?" Na ce masa, "Maigida, in ba ka aike ni ba, ba zan koya ba." Har yau Malam yake kira na, ni kuma Maigida nake ce masa. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma gaskiya ne, amma akwai abin da shekaru ke karɓa. Yaro ɗan shekara 17 zai wuni a kan tsani yana fasa bango da guduma don a binne bututu, ya sauko ya tafi ƙwallo. Ni kuwa kafaɗa da gwiwa sukan tuna min da aikin har washegari. Ga kuma watanni na samun kuɗin abinci kawai, alhali akwai yara a makaranta. Darasin yamma da nake yi wa 'ya'yan maƙwabta shi ya riƙe gidan a wannan tsakanin, da haƙurin uwargida.

Hannu yakan koya a hankali: yadda ake fere waya ba tare da an ji wa tagullar ciwo ba, yadda ake ɗaure ta a bayan soket ta kamu sosai, yadda ake zura ta a bututu ba a yage rigarta ba. Wannan sai maimaici. Abin da ya fi tsaya min a rai daban ne, shi ne cewa kusan duk aikinmu mai muhimmanci ba wanda zai sake ganin sa. Tela in ya ɓata ɗinki, mai riga zai gani ranar da ya saka. Mu kuwa da zarar mai filasta ya shafe bango, mai fenti ya bi, shi ke nan. Mai gida zai danna makunni, fitila ta kama, ya ce aiki ya yi kyau. Fitila kuwa za ta kama ko da wace irin waya aka ja mata. Bambancin ba ya fitowa sai bayan shekara uku ko biyar, da tsakar dare, lokacin da kowa ke barci.

A nan ne lissafin da na koyar ya dawo min da amfani. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Hitar dafa ruwa mai wat 3000 tana jan kusan amfiya 13 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), wato iyakar abin da soket ɗinmu na yau da kullum aka yi shi ya ɗauka. A haɗa mata dutsen guga mai wat 1500 a layi ɗaya, an doshi amfiya 20. Wayar 1.5 (lambar kaurin tagullarta ce) da aka tanada don fitilu ba ta wannan nauyin ba ce, shi ya sa ake jan 2.5 zuwa soket, a ba esi da hitar banɗaki da kukar girki nasu layin da waya mai kauri. Zafin da waya ke yi kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta cikinta: in wutar ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Roba ta yi ta gasuwa a cikin bango tana bushewa, har ranar da za ta tsage. Maigidana ya san duk wannan da ido da hannu tun kafin in zo, ya kalli ɗaki ya faɗi wayar da ta dace. Ni kuma na iya zana wa mai gida dalilin a takarda. Da muka haɗa biyun, sai musu da masu gida ya ragu.

Musun kuwa kullum a kan kuɗi ne. Alhaji zai kashe miliyoyi a tayil da silin da ƙofar waje, in an zo kan waya sai ya ce a nemo mai sauƙi, ai duk waya waya ce. Kasuwa kuma cike take da mai sauƙin. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a jikinta amma tagullar ciki ba ta kai ba. Akwai wadda alminiyon ce aka yi wa rufin tagulla, in ka kankare ta da wuƙa sai fari ya bayyana. Alminiyon kuwa ba ya iya ɗaukar abin da tagulla mai kaurinsa ke ɗauka, ga shi yana saki a wurin ɗauri, wurin ya riƙa zafi. Abin takaici, muna da kamfanonin waya na gida irin su Cutix a Nnewi da Coleman da Nigerchin, waɗanda masu sana'a suka yarda da su, amma har sunayen irin waɗannan ake bugawa a jabu.

A irin wannan wurin na gane amfanin furfurata. Yaro matashi in Alhaji ya ɗaga murya, yakan yi shiru ya karɓi abin da aka ba shi, don yana tsoron aikin ya kuɓuce, kuma tarbiyya ba ta bar shi ya ja da babba ba. Ni ina iya cewa, "Alhaji, ka yi haƙuri, iyalinka ne za su kwana a ɗakin nan. Wannan wayar ba zan binne ta da hannuna ba." Wasu sukan saurara. Wasu sukan sallame mu su kira wani, kuma ranar haka nan muke komawa gida hannu wofi. Ban taɓa jin Maigida ya yi min ƙorafi a kan haka ba, shi ya sa nake ganin girmansa.

Wayar ƙasa ita ce aka fi yi wa rowa, don gida zai yi shekaru ba ita kuma komai na aiki. Ranar da wayar wuta ta taɓa jikin firji ko injin ruwa, ita ce za ta kwashe wutar ta kai ƙasa har bireka, na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa, ta faɗi. In babu ita, jikin wanda ya taɓa ne hanyar. Abin da ke iya tsayar da zuciya ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, shi ya sa ake sa na'urar da ke yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta ɓalle. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa, wannan kuwa mutum take karewa, kuma gidaje da yawa da na shiga ba su da ita. Ƙasarmu ta Arewa ma tana da nata hali. Rodin da ake kafawa a ƙasa a haɗa shi da wayar, in an kafa shi da damina ya yi kyau, in rani ya yi ƙasa ta bushe sai ƙarfinsa ya ragu. An saba zuba gawayi da gishiri a ramin, yana taimakawa, sai dai gishirin yana cin ƙarfen a hankali. Mafita ita ce a zurfafa, a yi amfani da rodi na gaske, a kuma dawo a auna.

Akwai ɗabi'a guda da Maigida ya dasa min tun makon farko. Ko an ɗauke wuta a duk unguwa, ba a taɓa waya sai an kashe daga babban makunni an kuma gwada. A wurinmu wuta ba ta sallama kafin ta dawo. Gida ɗaya kuma yanzu yana iya samun hanya uku: ta kamfanin rarraba wuta KEDCO, ta janareta, ta inbata. Ka kashe ɗaya, ɗaya na nan a raye. Mafi muni shi ne mai haɗa janareta kai tsaye ba tare da makunnin sauya layi ba. Wutarsa takan koma kan layin waje, ta bi tiransifoma ta ƙaru, ta sami ma'aikacin da ya hau falwaya yana da tabbacin layin a kashe yake. Mai gidan ba zai ma san abin da ya jawo ba. Duk gidan da na tarar da irin wannan haɗi, ba na fara wani aiki sai an gyara shi.

Batun takarda kuma, na ɗauke shi da muhimmanci fiye da yawancin abokan aikina, wataƙila don daga aji na fito. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku a haura zuwa na ɗaya. Hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin wuta, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta shaidar ƙwarewa. Akwai gwanaye da yawa a Kano da hannunsu ya fi na masu takardar, amma babban aiki na ma'aikata ko kamfani yakan wuce su saboda ba su da ita, wasu kuma Turancin tambayoyin ne kawai ke korar su. Maigidana yana cikinsu. Yanzu bayan sallar isha'i mukan zauna a shago da shi da yara biyu, in ɗauko allo in yi musu dokar Ohm ta lissafin wuta da lissafin nauyin layi da Hausa, mu bi tsofaffin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Shi zai fara shiga jarrabawar, don ya riga ni cancanta, ni kuma in bi baya in hannuna ya ƙara nuna.