Sunan da na tsallake

Asabar, dare, Tawa.

Tun bayan isha'i na dawo. Na yi wanka, na ci tuwo, uwar gida da yara duk sun yi barci, ni kuwa idona biyu. Kayen bankin hatsin garinmu, wato littafin lissafinsa, na nan gabana bisa tebur, bangonsa ya yi laushi don shan hannu, sai warin mangaza yake, ɗakin da ake ajiye hatsin. Bari in rubuta ko abin ya sake ni.

Da murnata na fita da safe. Sanyi ya fara saukowa, irin na farkon hunturu mai daɗi, kuma moto ta tashi bugu ɗaya, abin da rabonta da yi tun kafin Sallah. Na kama hanyar Ƙwanni har Badagishiri, na sha shayi tsaye, na sayi goron Kawu da sukari da sabulun Inna, sannan na sauka daga kwalta. An gama yankan hatsi ko'ina, sai kara tsaye da amalanken jakai ɗauke da dammuna. Gawo ya fara fitar da ganye, shi da kullum sai ya saɓa wa sauran itatuwa. Faƙon nan na yamma da gari, inda muna yara ko ciyawa ba ta tsira, yanzu duk ramukan tassa ne, waɗanda ake haƙawa su tare ruwa da taki a yi shuka ciki, kuma karan da na gani a ciki ya fi na jigawa kauri. Har waƙa na yi cikin hular kwano.

Maigari ne ya kira ni ranar Laraba. “Mushe, ka taho ka duba muna kaye, lissahi ya ƙiya.” Shi ke nan, ya kashe don kada kuɗin waya su ƙare. Mushe kuwa haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu.

Na tarar an taru gindin bedi, bakin mangaza. Maza bisa tabarmi, mata can baya kaɗan wajen katangar masallaci, ƴan kwamiti a gaba. Ina cikin cire takalmi in zauna kusa da Dogo, sai ga yaro da gudu ɗauke da farar kujerar roba ta gidan Maigari, wadda ake fiddowa in baƙi sun zo daga Illela. Na ce a'a, aka ce sai na hau. Na hau. Dogon da muka yi kiwon awaki tare, muka sha bulala ɗaya wajen Malam, ga shi ƙasa yana kallon gwiwata. Tun daga nan ya kamata in kama kaina.

Masu karanta ni tun da daɗewa sun san labarin bankin nan. Bayan wahalar 2005 aka kafa shi, shekarar da ta biyo bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, lokacin da mutane suka koma cin anza. Furoje ya kawo kwano da ƙofar ƙarfe da buhunan farko, gari ya buga tubali da gayya, kowane gida ya zuba abin da ya samu. Tsarin bai canza ba har yau. A sayi hatsi da kaka yana arha, a rufe da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ma'aji, ɗaya wajen shugabar mata. Sai tsakiyar damina a buɗe, lokacin da rumbu ya zama gidan ɓera, ga noma ya kankama, ga tiya ta yi tsada a kasuwa. Mai kuɗi ya saya ƙasa da farashin kasuwa, marar kuɗi ya ara, da kaka ya maido tiya 11 a madadin 10. Wannan ɗayar ta sama sai da aka yi wata guda ana gardama kanta da Liman, a ƙarshe aka raɗa mata suna ladan mangaza, kowa ya yi shiru, ko da yake har gobe Liman ba ya zama in za a auna ta. In ba don bankin ba, magidanci barin gonarsa yake ya tafi ƙwadago gonar wani don abin da za a dafa yau, ko ya ci bashin ɗan kasuwa a kan dammunan da ba su ma fitar da kai ba. Hatsin rahusa na gwamnati, buhu jaka 13, yana taimakawa in ya zo, amma gari guda ne ke rabon ƴan buhuna.

Matsalar yau buhu 3 ne suka ɓace a lissafi. An fitar da buhu 40 da damina, abin da ke rubuce a kaye kuwa bai wuce na buhu 37 ba. Kwana da kwanaki ana ta gunaguni, har an fara kallon ma'aji da gefen ido, mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Na duba shafuka, na haɗa, na sake haɗawa, ba kuskure. Sai na ce a kawo buhu ɗaya da tiya, ya auna a gabanmu yadda ya saba. Ya durƙusa, ya cika tiya har ta yi tozo, sannan ya kewaye bakinta da hannun hagu ya ƙara tsiyaya wani a kai, kamar yadda kowace mai awo ke yi wa wanda take jin kunya. Yara na ƙirgawa da ƙarfi. Buhun kilo 100 da kowa ya sani tiya 40 ne, ya ƙare a 37. Tiya 3 sau 40, tiya 120, buhu 3 cif. Ba ɓarawo, ba aljani, hannun ma'aji ne mai albarka. Wuri ya kaure da dariya da salati, ma'aji ya share hawaye da bakin rawani, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Maigari ya ce, “Kun gani? Boko ba ƙarya ba ne duka.”

To, nan kaina ya kumbura. Da na tashi a lokacin na tafi na ci furar Inna, da yanzu ina barci.

Aka zo kan waɗanda ba su biya ba. Sakatare ya ce saura mutum 19, a ba su zuwa ƙarshen wata. Ni kuwa daga bisa kujerata na gyara murya, na yi musu huɗuba irin wadda nake yi wa ƴan aji in ba su kawo aikin gida ba. Na ce abin da ke kashe bankunan hatsi ke nan, kunya da kara. Na ce dukiyar jama'a ba a yi mata rufa-rufa. Na kawo misalin asusun Mata Masu Dubara, wanda tun da aka faro shi a Maradi a 1991 a gaban kowa ake buɗe akwati, a gaban kowa ake kiran mai bashi, shi ya sa ya ɗore. Na ce a karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji.

Shiru. Kawu ya ciro goro ya ɓare, bai kai baki ba. Ya ce, “Mushe, a bar kaza cikin gashinta.” Na ce, “Kawu, in an bar ta, baɗi ba kaza ba gashi.” Har wasu samari suka tafa mini. Sakatare ya kalli Maigari, Maigari ya kalli ƙasa. Sai sakatare ya miƙo mini kayen da hannu biyu, ya ce idonsa ba ya gani sosai yau, in karanta da kaina.

Na karanta. Suna, yawan tiya, wata. Kowa aka kira sai ya ce “na'am” ko “ina sane”. Mai gyaran famfo, tiya 10. Matar wanda ya tafi Libiya shekara biyu ba aike, tiya 30, ta amsa daga bayan mayafi da muryar da da ƙyar na ji. Ina tafe da ɗan yatsa bisa layi, har na iso na 14.

Inna. Tiya 20, watan takwas. Ga tambarin babban yatsanta da shuɗin tawada, ya ɗan karkace.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Wataƙila bai kai numfashi biyu ba. Na yi tari, na sauke yatsa, na karanta na 15. Da na gama, yaron nan mai wayo na gidan Liman ya ce, “Goma sha takwas ne.” Wani ya make masa ƙeya. Maigari ya yi maza ya ɗauko zancen burtali, wai Fulanin da ke saukowa daga wajen Abalak sun fara matsowa alhali ba a sanar da ranar sakin gonaki ba, ga waken mutane bai gama shiga gida ba, a tura ƴan kwamitin filaye su je su ga Arɗo. Aka yi ta magana. Ban ji ko rabi ba. Ni dai watan takwas nake lissafi. Watan ne na canza wa moto inji, na ce aiken Inna ya jira ƙarshen wata, ƙarshen wata ya zo da kuɗin haya da maganin Auta. Na kira ta kuwa, na tuna sarai, ina tsaye bakin garejin. Na ce yaya hatsi, ta ce, “Alhamdu lillahi, da saura.”

Na same ta tana sussukar wake a tsakar gida. Ta riga ni dawowa, ban ma ga tashinta ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye sukari da sabulu, ta sa albarka ba ta ɗago ba. Ta tura ƴar Yaya ta kawo mini fura. Sai da na sha na ce, “Inna, don me ba ki gaya mini ba?”

Ta ce, “In hwaɗa maka mi?”

Na ce ai da na san rumbu ya ƙare, ko bashi ne da na ci na aiko. Na ciro kuɗi daga aljihu, na ce yanzu zan je in ba ma'aji a shafe layin.

Sai ta ajiye sandar. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sunan surukinta gare ni, tun da na fara aiki ita ma Mushe take cewa kamar kowa. Amma yau yadda ta faɗe shi daban ne. Ta ce, “Mushe, maida kuɗinka. Ranar da anka gina mangazar ga, tulu nawa na ɗauko bisa kaina? Tiyata na cikin hatsin farko. In na tahi can na ara, abina na ara, ban roƙi kowa ba. In na kira ka, roƙo ne.” Ta ce wakenta na gamana, ƴar gonarta ta kanta, take jira ya ɗan yi daraja ta saida ta auno hatsi ta biya, ma'aji ya sani, shugabar mata ta sani, ba wanda ta ɓoye wa.

Na yi shiru. Na ɗauka an gama. Ta koma ga wakenta, ta buga sau biyu, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Abin da ban ji daɗi ba, kowa ka kira shi ya amsa. Yarinyar ga da mijinta ya bari da ɗiya huɗu ka kira ta, ta amsa gaban maza. Ni na gyara zama ina jiran in ce na'am, ka tsallake ni kamar wadda ta yi sata.”

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Duk hanyar dawowa ina juya maganar. Ni a ganina rufa mata asiri na yi. Amma in na faɗa wa kaina gaskiya, ba ita na rufa wa ba. Abin da ban so a ji ba shi ne uwar Mushe, mai albashi, mai moto, mai hawa kujera, ta ci bashin tiya 20 da damina. Kuma abin haushin, duk wanda ke gindin bedin nan ya riga ya sani tun watan takwas. Shi ya sa Kawu ya kawo zancen kaza, shi ya sa idon sakatare ya mutu farat ɗaya. Ni kaɗai ne baƙon labarin, ni ne kuma mai huɗuba. Da zan tafi na biya wajen Kawu in ba shi goronsa, ina jiran ya ce wani abu. Ya karɓa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, in gaida yara. Ko uffan.

Sauran labarin gari a gurguje. Famfon lakwal ya sake lalacewa, an koma rijiya. Masu albasa sun fara dashe a fadama, irin Galmi ya yi tsada bana in ji Dogo. Samari shida sun riga sun kama hanyar Abijan, ko dammunan gidansu ba su jira an ɗora a rumbu ba. An yanke shawara daga yanzu a riƙa shafe bakin tiya da ɗan katako wajen bayarwa da wajen karɓa, mata sun ce ba su yarda ba, wai awo ba tozo awon marowata ne, an ɗage maganar zuwa Juma'a.

Inna ta ɗaure mini wake a bayan moto da kanta, kusan tiya biyu, daga cikin wanda za ta saida. Na buɗe baki in ce ta bari, na tuna, na rufe.

Maigari ya ce in taho da kayen in kwafe shi cikin sabo, tsohon ya cika. Na sayi sabon kaye da bik a shagon maƙwabci, na ja layuka, na kai na 13 na ajiye. Gobe Lahadi akwai takardun ƴan aji uku da ban duba ba, ga Auta na ta tari cikin barci.