Sana'ar shanya da masu tambaya kan ciwon daji

Ina da ƙaramin kamfani a cikin birnin Katsina, inda muke sayen zoɓo da zogale da tumatir da tattasai da 'ya'yan kuka daga hannun manoma, mu tsince, mu shanya, mu niƙa wanda ake niƙawa, sannan mu ɗura a leda mu liƙe. Tumatir yawanci daga masu noman rani na madatsun ruwan Ajiwa da Jibiya yake zuwa mana, zoɓo kuwa bayan kaka muke tara shi daga kasuwannin ƙauye na wajajen Daura da Mai'aduwa. A da, abin da ke gaban mai saye shi ne kuɗin tiya. Yanzu kuwa, tun da bayanan lafiya suka cika wayoyin hannu, sai ka ji an ce, "Alhaji, wanne ne daga ciki yake maganin ciwon daji?"

Tambayar tana da tushe. Kayan nan suna ɗauke da sinadaran da likitoci ke kira antioksidan, masu rage ɓarnar da wasu sinadarai ke yi wa ƙwayoyin halittar jiki, ɓarnar da idan ta taru tana cikin abubuwan da kan share wa ciwon daji hanya. Jan zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, jan tumatir daga laikofin, wanda jiki ya fi amfana da shi idan an dafa tumatirin da mai, kamar dai yadda matanmu ke soya miya. Farin garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa a kullum.

Duk da haka ba na rubuta kalmar magani a jikin ledarmu. Dokokin NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ba su yarda a tallata abinci da sunan yana warkar da cuta ba, kuma ko babu doka, binciken da aka yi bai ba ni wannan hurumin ba. A ƙasar Finlan an ba wa maza masu shan taba kusan 29,000 ƙwayoyi a wani gwaji, da sakamakon ya fito a 1994 sai aka ga waɗanda suka sha sinadarin bita-karotin, wani antioksidan da ake samu a ganyayyaki irin su zogale, sun fi waɗanda ba su sha ba kamuwa da ciwon dajin huhu, da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ke nan abin da ke da amfani a cikin miyar zogale ba lallai ne ya amfanar ba idan an tsame shi an dunƙule a ƙwaya. Wanda kuma cutar ta riga ta kama, asibiti nake tura shi, domin jinkirin da ake yi ana shan jiƙe-jiƙe shi ne ke cinye lokacin da likita zai iya yin wani abu.

Inda nake ganin sana'armu tana da hannu kai tsaye a rigakafin shi ne wajen shanya, kuma nan ne ba a cika tambayata ba. Kayan da aka baza a ƙasa ko a bakin kwalta, raɓa ta sauka a kai, aka kuma zuba a buhu da sauran danshi, fumfuna yake yi. Wata irin fumfuna tana fitar da gubar afulatoksin, wadda ta fi addabar gyaɗa da masara da busasshen barkono, kuma an tabbatar tana haddasa ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Girki na yau da kullum ba ya kashe ta. Mutum zai iya sayen kaya don neman lafiya, ya koma gida da abin da yake gudu.

Saboda haka a kan gadaje masu raga muke shanya, sama da ƙasa. Zogale a inuwa yake bushewa, domin rana tana kashe masa kore kuma tana cinye bitamin ɗinsa, kauɗar tumatir kuwa sai an yanka ta da kauri ɗaya, in ba haka ba gefe ya bushe ciki na jiƙe. Duk buhun tattasan da na buɗe na ji warin gumi, mayar da shi nake yi, ko dillalin zai ce, "Haba Alhaji, kwana ɗaya a rana ya ishe shi." Rana tana kore warin, amma gubar tana nan.

Wannan tsanani yana da tsada. Hunturu ne lokacin aikinmu, da damina kuwa sai mu rage shanya matuƙa, mu dogara da abin da muka adana a kan katako, nesa da bango. Shi ya sa kayanmu ya fi na kasuwa kuɗi, kuma akwai masu sayen da ke jin farashin su juya, musamman masu dafa abincin sayarwa, waɗanda ribarsu ba ta kai ta ɗauki bambancin ba.