Yadda Kundi Ke Shiga Taskar Ahmad Baba ta Tumbuktu

Lokacin da kakanmu ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama, ya bar gafaka huɗu maƙare da littattafan rubutun hannu, waɗansu shi ya kwafe su da alƙalaminsa, waɗansu kuma ya gaje su daga malamansa. Da aka zo rabon gado sai aka kasa su kamar yadda aka kasa damman gero, kowane magaji ya ɗauki rabonsa, kuma da yake irin waɗannan littattafai ba a ɗinke su, fallaye ne a sake cikin tadarishi, sai ya zamana farkon wani littafin ya tafi wannan gida, ƙarshensa ya tafi wancan gari. Da na yi hankali na bi sawunsu, na tarar gara ta ci na wani ɗakin, ruwan damina ya jiƙa na wani, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne babu mutum ɗaya a cikinmu da zai iya lissafa sunayen abin da muka rasa, domin babu wanda ya taɓa rubuta su. Tun daga nan nake bibiyar yadda taskokin littattafan addini suke karɓar sabon kundi su ba shi suna da lamba, kuma wadda na fi sanin labarinta ita ce Cibiyar Ahmad Baba da ke Tumbuktu a ƙasar Mali.

An sa wa cibiyar sunan shahararren malamin nan Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556 ya rasu a 1627, wanda kuma aka tafi da shi Marakish a ɗaure bayan sojojin Maroko sun ci daular Songhai a 1591, aka kwashe masa littattafai. An ruwaito cewa littattafan nasa 1,600 ne, kuma shi da kansa yana ganin nasa ne mafi ƙaranci a cikin danginsa. Mu ma muna da rabo a tarihinsa, domin kakansa ya koyar a Kano, shi kuma ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi a fatawarsa kan bauta. Shawarar kafa cibiyar ta fito ne daga taron masana da UNESCO ta kira a Tumbuktu a 1967, sannan ta fara aiki a 1973 da tallafin kuɗi daga Kuwait, Mahmoud Zouber yana daraktanta na farko. Gwamnati ce ke da ita, amma mafi yawan abin da ke cikinta Alƙur'ani ne da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tauhidi da nahawu da waƙoƙin yabon Annabi, wato karatun zaure kamar yadda muka san shi.

Matsala ta farko da cibiyar ta fuskanta ita ce masu littattafan ba su yarda da hukuma ba, kuma suna da hujja. A 1890 sojojin Faransa ƙarƙashin Archinard sun ci Segu, suka kwashe ɗakin karatun Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Tal, mujalladai sama da 500, waɗanda har yau suna babban ɗakin karatu na birnin Faris. Bayan irin wannan, gidajen malamai suka koma ɓoye kayansu a cikin akwatunan ƙarfe da na katako, wasu suka binne a ƙarƙashin yashi, wasu suka toshe ƙofar ɗakin da laka. Saboda haka duk wanda ya zo da takardar ofis yana tambayar littattafan kakanni, kallon ɗan aiken masu ƙwace ake yi masa. Abin da ya buɗe ƙofofi shi ne aika 'ya'yan gidajen malamai su yi neman. Mafi shahara a cikinsu Abdulƙadir Haidara ne, wanda mahaifinsa ya bar masa riƙon littattafan gidansu yana matashi, ya kuma fara yi wa cibiyar wannan aiki a 1984. Ya yi shekaru yana bin ƙauyukan gaɓar kogin Kwara a cikin kwale-kwale da rugagen Sahara a kan raƙumi, yana komawa gida ɗaya sau da dama kafin a nuna masa falle guda, yana biya wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da dabbobi, har ya tara wa cibiyar kundaye sama da 10,000.

Saye dai hanya ɗaya ce, kuma ni a ganina ita ce mafi haɗari. Da zarar an ji cewa tsohuwar takarda tana kawo kuɗi, dillalai sukan shigo, kuma littafin da ba a ɗinke ba abu ne mai sauƙin rabawa kashi uku a sayar wa mutum uku. Akwai kuma tambayar da shari'a ke yi kafin ciniki: wa ke da ikon sayarwa? Idan an rubuta a falle na farko cewa littafin waƙafi ne ga wani masallaci ko ga ɗaliban wani zaure, to ba ya sayuwa, idan kuma gado ne da ba a raba ba, to yardar magaji ɗaya ba ta wadatar. Shi ya sa taska mai mutunci take rubuta sunan wanda ya kawo kundin da garinsu da yadda ya same shi, take kuma buɗe waɗansu hanyoyi, irin su kyauta da ajiya bisa amana, inda littafin yake zama mallakar gidansu ko da yana hannun taska. Hanya ta huɗu ita ce a ɗauki hoto a mayar wa mai abu abinsa. Haka cibiyar da masanin tarihi John Hunwick ya kafa a Jami'ar Ibadan a 1964 ta riƙa yi da littattafan malamanmu, kuma haka ɗakin karatun HMML, na wani gidan ibadar Kiristoci da ke jihar Minnesota ta Amurka, ya yi da littattafan gidajen Tumbuktu tun daga 2013 tare da SAVAMA-DCI, ƙungiyar gidajen da ke riƙe da waɗannan littattafai.

Ranar da kundi ya shigo, abu na farko shi ne a ba shi lamba a rajista, a ware shi daga sauran har a tabbatar babu gara ko fumfuna a jikinsa, sannan a share ƙurarsa da buroshi mai laushi. Ba a kai masa ruwa da garaje, domin tawadar gawayi da ƙaro tana narkewa, ita kuma irin wadda muke kira yambari, ta bagaruwa da kashin maƙera, takan ci takarda sannu a hankali har layin rubutu ya zama huda. Daga nan sai a yi masa kwali daidai girmansa da takardar da ba ta da sinadarin da ke cinye rubutu, aikin da masana daga Afirka ta Kudu suka horar da ma'aikatan cibiyar a kansa bayan ziyarar Shugaba Thabo Mbeki a 2001, ziyarar da ta haifar da sabon ginin da aka buɗe a 2009 kusa da masallacin Sankore.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalina yana farawa ne bayan wannan. Tadarishi ɗaya yana iya ƙunsar littattafai biyar da wasiƙu biyu da laƙani guda, duk a cakuɗe, kuma babu lambar shafi. Abin da ke taimakon mai fihirisa, wato mai rubuta bayanin kowane kundi, shi ne wata al'ada ta masu kwafi: a ƙasan bayan kowane falle sukan rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita, don haka da haƙuri ana iya jera fallayen ɗaya bayan ɗaya, a kuma gane daidai inda wani ya ɓace. Bayan jerawa sai a rubuta sunan littafin da na mawallafinsa, da kalmomin farko bayan bisimilla da salati, da kalmomin ƙarshe, da yawan fallaye da girmansu da yawan layuka, da irin hannun, ko Magaribi ne ko Sahrawi ko Suƙi ko Sudani. Dole a bambanta mawallafi da mai kwafi, domin sunan da ake gani bayan kalmar tammat galibi na wanda ya kwafa ne, kuma wanda bai lura ba zai jingina littafin Alƙali Iyal ga wani almajirin da ya rayu shekaru ɗari bakwai bayansa. Sau da yawa kuma farko da ƙarshe duk sun tafi, domin su ne suka fi shan hannu da gara. A nan ne ake buƙatar wanda ya sauke littattafan a gaban malami, wanda zai karanta layi biyu ya ce wannan babin taimama ne na Risala, wannan kuma baiti ne na Ishiriniya. Kwamfuta tana taimakawa wajen bincike, amma ina da yaƙinin cewa duk taskar da ba ta zaunar da malamin zaure kusa da mai digiri ba, fihirisarta za ta cika da kalmar majahuli.

Gano shekarar kwafi ma yana da tarkonsa. Malamanmu sukan ɓoye shekara a cikin ramzi, wato haruffan da kowane ɗaya ke da adadinsa, kuma lissafin da ake bi a Magarib da ƙasashenmu ya saɓa da na gabas a waɗansu haruffa. A wurinmu shinun 1,000 ne, a gabas kuwa 300. Idan mai kwafi ya haɗa shinun da ra'un da lamun da ba'un, yana nufin 1232 bayan hijira, shekarar da Shehu Usmanu ya rasu, amma wanda ya lissafa da tsarin gabas zai samu 532, ya tsufar da takardar da shekara 700. Inda babu ramzi sai a ɗaga fallen ga haske a dubi tambarin da ke cikin jikinsa. Wanda aka fi gani shi ne jinjirin wata uku, na takardun arewacin Italiya irin na gidan Galvani, waɗanda ayari ke kawowa ta Tarabulus da Masar, sai dai an daɗe ƙwarai ana amfani da wannan tambari, don haka zamani kawai yake nunawa a dunƙule.

Mai fihirisa nagari ba ya tsallake gefen shafi. Nan ake samun fassarar kalma da ajami cikin Songhai ko Fulatanci ko Buzanci, da sunan wanda ya mallaki littafin, da kuɗin da aka saye shi, da labarin fari ko annoba. A cikin akwatunan kuma akwai fatawoyi da takardun ciniki da wasiƙun fataken Gadamus, har da rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello, waɗanda suka isa can ta hannun ɗalibai da matafiya. Kowace takarda irin wannan tana buƙatar lambarta da bayaninta, ko da falle ɗaya ce.

Wannan aiki yana cin lokaci fiye da tarawa nesa ba kusa ba, kuma nan ne giɓin yake. Gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga fihirisar cibiyar cikin juzu'i biyar tsakanin 1995 da 1998, mai ɗauke da kundaye 9,000, amma kafin 2012 abin da ke hannun cibiyar ya kusa 40,000. A watan Afrilun wannan shekara masu ɗauke da makamai suka mamaye Tumbuktu, suka zauna a sabon ginin. Ma'aikata suka yi kasada da rayukansu suka fitar da mafi yawan kundayen da ke tsohon ginin zuwa Bamako a ɓoye, sama da 10,000 kuma suka tsira a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa da maharan ba su shiga ba. A Janairun 2013, da sojojin Faransa da na Mali suka matso, maharan suka cinna wuta, kuma da aka yi ƙidaya sai aka ce kundaye 4,203 ne aka ƙona ko aka sace. Duk wanda aka riga aka rubuta bayaninsa a cikin waɗannan, ana iya sanin sunansa, a nemi wani kwafinsa a Walata ko Yamai ko Sakkwato, a kuma gane shi idan ya ɓulla a hannun dillali. Wanda kuwa bai samu komai ba sai lambar shigowa, ya tafi kamar yadda na kakanmu suka tafi.

Abin da ya rage a gidanmu fallaye ne da ba su cika tadarishi biyu ba. A bara na roƙi 'yan'uwa suka ara mini nasu, na sayi littafin rajista, na zauna da wani dattijon malami a unguwarmu muna bin kalmar ƙasan falle ɗaya bayan ɗaya. A mako na uku muka gano cewa fallaye goma sha ɗaya da ke hannun gwaggona su ne cikon Iziyyar da ke hannuna, kuma a falle na ƙarshe, bayan tammat, akwai sunan malamin kakanmu da ramzin shekarar da ya gama kwafinta. Na rubuta ta a lamba ta bakwai, na ɗauki hoton kowane falle gaba da baya, sannan na mayar wa gwaggo nata.